Numfashi Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

(Sautin buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na faɗakarwa kan kiwon lafiya. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gaya da Ajingi: na Kademi da Shagogo da Gamarya, na Toranke da Balare da Gafasa da Kunkurawa. Uwargida da ke tsakar gida da rediyo a gefen murhu, manomin da ya dawo daga gona, direban da ke tasha yana jiran lodi, kowa ya matso kusa, domin maganar yau ta shafi kowane gida. Za mu yi magana ne a kan sarƙewar numfashi: yadda ake gane ta, abin da ma'aikatan agajin gaggawa ke yi idan mai ita ya zo hannunsu, da abin da ya rataya a wuyanku kafin ku isa wurinsu.

Mutumin Gaya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan zugazugi. Tarihin baka na Kano ya ce maƙeran farko da suka zauna a gindin Dala, waɗanda ake kira Abagayawa, daga Gaya suka taso suna neman tama. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san cewa komai kyan gawayi, idan mai zuga ya tsaya, wuta lafawa take yi. To huhu shi ne zugazugin jikin ɗan Adam. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata ne oksijin, kuma shi ne huhu ke tacewa ya miƙa wa jini, jini ya kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Idan wannan iska ta yanke gaba ɗaya, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Daga Gaya zuwa Kano ta hanyar Wudil kuwa, tafiyar ta haura kilomita 60. Ku auna waɗannan biyun, za ku ga dalilin da ya sa gane matsalar da wuri ya fi komai.

Bari in ba ku labarin wani dare da har yau yake cikin raina. Cikin hunturu ne, ina bakin aiki a wani ƙaramin asibitin karkara, wajen ƙarfe 2 na dare, sai na ji tsayuwar babur. Magidanci ne da mahaifiyarsa a baya, ta rungumo jariri ɗan wata 8, an naɗe shi da zani biyu da bargo, jikinsa sai ƙamshin turaren wuta da man zafi.

Na ce, "Sannu Iya, tun yaushe yake haka?"

Ta ce, "Ɗan nan, mura ce fa, yau kwana uku. Sai dai tun la'asar ya ƙi kama nono."

Na warware zannuwan, na ɗaga rigarsa, na sa agogo a gabana. Cikin minti ɗaya ya yi numfashi 64. Duk lokacin da ya ja iska, sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa ciki kamar an danna da yatsa. Ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa, yana wani ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi. Na maƙala masa 'yar na'urar auna iska a babban yatsan ƙafa, ta nuna 85. Ina jawo bututun oksijin zan sa masa a hanci, sai uban ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Malam, don girman Allah kada ka sa masa abin nan. Duk wanda na ga an sa wa, bai tashi ba."

Na ce, "Malam, ka dubi lambar nan. Ka ba ni minti 5, kai da kanka za ka ga abin da za ta yi."

Ya sake ni, ya tsaya yana kallo. Lamba ta tashi daga 85 ta koma 89, ta koma 92, ta tsaya a 95. Nishin ya ragu. Muka yi masa allurar farko ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, na rubuta takarda, aka samo mota aka wuce da shi babban asibiti. Bayan mako guda sai ga Iya ta dawo da shi a goye, yana jan gefen mayafinta yana sawa a baki.

Masu sauraro, abin da nake so ku lura da shi a labarin nan shi ne, abubuwa biyun farko da na yi, ɗaga riga da ƙirga numfashi, ba su bukaci komai ba sai ido da agogo. Da a gida an san su, da tun la'asar yaron nan ya iso.

To me ma'aikacin agaji yake dubawa? Ko a motar ɗaukar marasa lafiya ne, ko a ɗakin agajin gaggawa, tsarin iri ɗaya ne a duk duniya, kuma abu uku ne a jere: hanyar iska, sannan numfashi, sannan gudanar jini.

Yana farawa da yi wa mutum magana. Idan ya amsa da cikakkiyar jimla, hanyar iskarsa a buɗe take. Idan sai ya yanka magana gida-gida, kalma biyu ya huta, kalma biyu ya huta, to abin ya yi tsanani. Yana kuma sauraron sautin numfashin. Kakari yana nuna majina ko amai ko jini a maƙogwaro, sai a juya mutum a zuƙe su. Ƙara mai kaushi lokacin jan iska tana nuna maƙogwaro ya ƙuntata. Fito kamar na sarewa lokacin fitar da iska yakan nuna asma, wadda wasu ke kira fuka.

Daga nan sai ƙirga. Wannan ku riƙe shi da kyau, wanda yake da biro ya rubuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa jaririn da bai kai wata 2 ba, idan numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa shekara 5, iyakar ita ce 40. Zan maimaita: 60, 50, 40. Babban mutum mai lafiya kuma yana yin 12 zuwa 20 a minti, idan ya doshi 30 yana zaune ba aikin ƙarfi ya yi ba, wannan na gaggawa ne. Ana ƙirgawa ne lokacin da yaro ya natsu, ba yana kuka ba, a cika minti ɗaya cur. Agogon wayar hannu ya wadatar. Tashin ciki da saukarsa numfashi ɗaya ke nan.

Sai duba launi. Mu baƙar fata ba a fatar hannu ake ganin ƙarancin iska ba. A buɗe baki a dubi harshe da dasashi da cikin leɓe. Idan sun koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka, iska ta yi ƙasa ƙwarai. Amma kada a jira sai an ga wannan, domin alama ce da ke zuwa a makare.

Ita kuwa 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, sunanta oksimita. Wani injiniya ɗan ƙasar Japan mai suna Takuo Aoyagi ne ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Haske take harbawa ta cikin yatsa ta auna yawan oksijin da jini ke ɗauke da shi, ba ta huda fata, ba ta da zafi. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Ƙasa da 90, mutum yana bukatar oksijin. Yatsa mai sanyi ko jan farce yana iya rikita ta, shi ya sa za ku ga ana murza hannu ko a koma wani yatsan.

A nan zan tsaya in yi magana da duk mai irin tsoron da uban yaron nan ya yi. Na fahimce ku, domin abin da ido ya gani ne. Amma ku tambayi kanku, yaushe aka kawo waɗancan da aka sa wa ba su tashi ba? Mafi yawansu sai da ciwo ya ci ƙarfinsu, aka gama zagaye, sannan aka nufi asibiti. Oksijin ya zo ya tarar da aiki ya riga ya lalace, sai laifin ya faɗa kansa. Oksijin iskar da kuke shaƙa ce yanzu haka, an dai tace ta an ƙara mata ƙarfi. Rai na hannun Allah, kuma Shi ne Ya hore mana wannan sababi. Idan ma'aikaci ya ce za a sa, ku bari a sa.

(Ɗan gajeren sauti)

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan sarƙewar numfashi. Yanzu bari mu dubi abubuwan da suka fi kawo ta a yankinmu, domin kowanne da irin taimakonsa.

Na farko shi ne ciwon sanyin haƙarƙari, wanda asibiti ke kira nimoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 740,000 a duniya. Asusun UNICEF kuma ya ƙiyasta cewa a 2018 Nijeriya ce kan gaba, da yara kimanin 162,000. Alamominsa tari ne da zazzaɓi da saurin numfashi. Idan an zo da wuri, ma'aikacin lafiya yakan ba da amoksisilin mai narkewa a ruwa a koma gida. Amma idan ƙirji ya fara lotsawa, ko yaro ya ƙi nono da ruwa, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wannan na kwanciya ne a asibiti, kuma a daren ake tafiya.

Na biyu mashaƙo. Ba mu manta da annobar da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ba, wadda Jihar Kano ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta. Yaro yakan fara da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, sai wata yana mai launin toka ta shimfiɗu a can ciki, wuya ya kumbura, murya ta dushe. Yanar nan ita ke toshe hanyar iska. Ina roƙon iyaye da 'yan'uwanmu wanzamai: kada a kankare ta, kada a ce belu ne a yanka. Jini zai ɓalle, guntunta ya faɗa hanyar iska. Maganinta yana asibiti, allurar karya dafin cutar da maganin kashe ƙwayoyin, kuma sauran yaran gidan ma sai an duba su.

Na uku asma, wadda ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussuka da hayaƙin murhu ke tayarwa. Mai asma ya zauna a miƙe, ya ɗan sunkuyo gaba, a sassauta masa tufafi, a ba shi abin shaƙarsa na salbutamol. Ga wata dabara da likitoci a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka gwada suka wallafa a 1999: gorar ruwa ta roba mai rabin lita, a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, a cusa shi ya zauna daram, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa. A fesa sau ɗaya, ya ja numfashi 4 zuwa 6, a ɗan dakata, a sake. Ana iya kaiwa fesa 10. Ta haka magani ya fi isa huhu. Idan bai sassauta ba, ko ya kasa magana, a kama hanya ana ci gaba da ba shi.

Na huɗu shaƙewa. Ƙasarmu ƙasar gyaɗa ce, kuma ƙwayar gyaɗa ko gurjiya ko ƙwallon dabino daidai take da maƙogwaron ƙaramin yaro. Idan yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. Idan ya kasa tari, ya kasa kuka, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. Idan bai fito ba, wanda ya haura shekara 1 a tsaya ta bayansa, a dunƙule hannu a sama da cibiya, a ja ciki da sama sau 5. Jariri kuma ba a matsa masa ciki: a kife shi a kan hannu kansa na ƙasa a buga bayan sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5. A yi ta maimaitawa. Kada a zura yatsa ana lalube, tura abin ciki ake yi.

Na biyar, maganin feshi da fiya-fiya. Manomin da ya yi feshin wake ba kariya, ko yaron da ya sha daga kwalbar da aka ajiye a ƙarƙashin gado, za ka ga yawu na dalala, gumi na karyowa, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da majina. A tuɓe masa kayan da maganin ya jiƙa, a wanke jiki da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko nono, kada a sa shi amai. A tafi da kwalbar, domin ita za ta gaya wa likita ko allurar atirofin ce ake bukata.

Na shida, gawayi ko janareta a ɗaki rufe. Iska mai guba da suke fitarwa ba ta da launi, ba ta da wari. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri a lokaci guda, ko aka kasa tayar da su, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa sarari, a nufi asibiti. Ku gaya wa ma'aikaci cewa da gawayi aka kwana, domin a wannan matsalar na'urar yatsa tana iya nuna lamba mai kyau alhali guba ta shiga jini.

Na ƙarshe ya shafi iyayenmu mata. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa raunin zuciya bayan haihuwa ya yawaita a ƙasar Hausa. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, take haki daga ɗaki zuwa madafa, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matasai, kada a ce gajiyar haihuwa ce ko a ƙara mata kunun kanwa. Ruwa ne ke taruwa a huhunta, kuma akwai maganin da ke janye shi.

Yanzu ga ƙa'idojin da suka haɗa duka. Mai wahalar numfashi da ke cikin hayyacinsa, a zaunar da shi, kada a tilasta masa kwanciya rigingine. Jama'a su ja baya ya sami iska. Kada a turara masa hayaƙi, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko jiƙo, domin wanda ke kokawa da numfashi ƙwarewa yake yi, abin ya wuce huhu. Addu'a kuwa a yi ta, a kan hanya ma ana yin ta. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa ɗaya, a ɗan ɗaga haɓarsa. Wanda ya suma kuma numfashi ya tsaya, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya zo.

Sai maganar abin hawa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, ta jami'an kiyaye haɗurra kuma 122. A 2022 gwamnatin tarayya ta fara shirin motocin agajin gaggawa na ƙasa daga Abuja, ana faɗaɗa shi zuwa jihohi. Ku kira, amma kada ku zauna jira idan da abin hawa a kusa. A jihohin arewa da dama, direbobin ƙungiyar NURTW sun daɗe suna aikin sa kai na kai mata masu naƙuda asibiti cikin dare. Abin koyi ne. Kowace unguwa a Gaya da Ajingi ta san direba ɗaya ko biyu da za a iya tasa ƙarfe 2 na dare, a rubuta lambarsu a bangon zaure, a ɗan tara kuɗin mai a hannun mai unguwa. Idan babur ne, kada a matse yaro tsakanin manya biyu a lulluɓe masa fuska. A bar hanci da baki a sarari, wanda ya riƙe shi yana dubawa. Ku fara da asibiti mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su ba da taimakon farko su tura ku Babban Asibitin Gaya, daga can kuma idan ta kama a wuce Kano, Asibitin Murtala ko na yara na Hasiya Bayero ko na Malam Aminu Kano. Da kun isa ku faɗi abu huɗu: yaushe ya fara, me aka ba shi, yana da wani ciwo da ma, kuma me yake yi lokacin da abin ya same shi.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, da hakimai da dagatai da masu hannu da shuni, kirana shi ne a tabbatar kowace cibiyar lafiya tana da na'urar yatsa mai aiki, har da ta jarirai, da oksijin da wutar sola da za ta riƙe injinsa cikin dare. Wannan sadaka ce mai gudana.

Iyaye kuma, rigakafi ya fi magani. Allurar Penta da ta nimoniya a mako na 6 da na 10 da na 14, ta ƙyanda a wata na 9 da na 15, duk kyauta ne. Nonon uwa zalla har wata 6. A nisanta goyo daga hayaƙin murhu, a ɗauke gyaɗa da kwalbar fiya-fiya daga inda hannun yaro zai kai.

Maƙera sun ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. A daren nan, idan akwai yaro mai tari a gidanku, ku ɗaga rigarsa, ku dubi ƙirjinsa, ku ƙirga minti ɗaya: 60, 50, 40. Idan ya kai iyakar, ko ƙirji na lotsawa, ku tashi mai mota, kada ku ce sai da safe. Wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai ji ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba.

(Sautin rufe shiri)